Lita Ɗari a Tankin Tamanin

Akwai wani mutum da kowa ke kira Auta, duk da ya ba shekara talatin baya, har da matarsa da 'ya'yansa. Auta ba ɗan fashi ba ne, bai taɓa fasa shagon kowa ba, kuma da za ka kira shi ɓarawo a gaban jama'a, sai ya yi maka rantsuwa har da hawaye. Halinsa guda ne, amma mummuna: abu ba ya bi ta hannunsa ya fita yadda ya shiga. In ka aike shi sayen sabulu, zai kawo maka ƙarami ya ce kaya sun tashi. In ka ba shi saƙo ya kai wa wani, sai saƙon ya rame a hanya. Shi a wurinsa wannan ba sata ba ce, ladan gumi yake kiransa.

Yayarsa ce ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goya shi, ita ta yi masa aure. Yaya yake ce mata, har mutanen unguwa suka ɗauka, kowa Yaya. Da mijinta ya rasu, abin da ya bar mata shi ne kududdufan kifi na siminti a bayan gida, da wata tsohuwar farar mota a-kori-kura. Kifi kam ta san shi ciki da waje, tana kallon ruwa za ta gaya maka ko sun ƙoshi. Mota ce ba ta san kanta ba, ko ƙofarta sai ta yi kokawa da ita kafin ta buɗe. Don haka ranar da aka sallami Auta daga wurin da yake tuƙi, ba ta ko tambayi dalili ba, ta ɗauko makulli ta damƙa masa.

"Ga ta nan," in ji ta. "Mota a hannun ɗan'uwana, ai sai in yi barci da munshari."

A makon farko ta tambaye shi, "Wai Auta, lita nawa tankin nan yake ci in ya cika?"

Tankin motar lita tamanin yake ci, Auta ya sani sarai. Amma ko ƙifta ido bai yi ba ya ce, "Ɗari cif, Yaya. Irin waɗannan motocin na da, cikinsu zurfi gare shi."

Ta ce to, duk ranar da ya sha mai ya ɗauki hoton fuskar famfon a waya ya turo mata. Ba zarginsa take yi ba, so take ta san abin da za ta ɗora a kan farashin kifi. Wannan ya sa Auta neman famfon da zai yi masa shaidar zur, kuma bai sha wahala ba ya samu. A gidan man da ke bakin hanya akwai wani mai zuba mai, mutum mai yawan fara'a da gaisuwa, ana ce masa Na-Famfo. Dabararsa ita ce, in masu babur da masu jarka suka zo suna sayen kaɗan-kaɗan, ba ya mayar da kan famfon mazauninsa, don kada lambobin su koma sifiri. Sai ya bari su taru su kai ashirin, Auta ya iso, a ɗora daga nan. Tanki ya cika a tamanin, famfo ya ce ɗari, a ɗauki hoto a tura wa Yaya, su kuma su zagaya bayan gini su raba. Haka ƙattin maza biyu suka zauna suna tatsar matar da ke tashi tun asuba tana jefa wa kifi abinci, abin ko kunya babu.

Da tafiya ta yi tafiya, ashirin ɗin ta daina isar Auta. Ya koma shan mai tun tanki bai yi nisa ba, ya ce ya ƙare ƙarƙaf, Na-Famfo kuma ya ƙara yawan lambobin da yake tara masa don famfo ya kai ɗari. Wata rana sun fita sayen abincin kifi, Yaya ta nuna gejin mai da yatsa.

"Wannan allurar ba ita ke nuna mai ba? Na ga tana tsakiya, kai kuma ka ce sai mun sha."

"Ƙarya take yi, Yaya, ta tsufa."

Suna dawowa gida ya shiga ƙarƙashin mota ya zare wayar gejin, ya naɗe bakinta da salatif tsaf, ya cusa ta inda ido ba zai gani ba. Allura ta kwanta, ba ta sake tashi ba. Ya ce wa Yaya gejin ya mutu gaba ɗaya, gyaransa kuma ya fi ƙarfinsu a yanzu. Daga ranar shi kansa ba ya sanin abin da ke cikin tankin, sai dai in ana zubawa ya tsaya a bakinsa ya kasa kunne, har ya ji man ya taso ya taɓo wuya.

Ana nan sai Yaya ta yi babban kamu. Wani mai ɗakin sanyi a babban gari ya ga kifinta ya yaba, ya ce ta kwashe duka ta kawo masa, amma lalle kafin rana ta take, don motarsa ba ta jira. In kayan sun yi masa, to ta samu mai saye na dindindin. Wannan kifin shi ne duk abin da ta mallaka. Wata da watanni tana ciyar da shi, har 'yan kunnenta sun tafi a kan abincinsa, kuma da abin da za ta samu ne za ta sake zuba wasu ƙananan. In ya isa lafiya, gona ta miƙe. In bai isa ba, babu abin da za ta mayar cikin ruwan.

Da sassafe aka ja taru, aka kwashe kududdufan tas. Aka jera kifi a akwatuna, ƙanƙara a ƙasa ƙanƙara a sama, aka loda a bayan mota aka rufe da tamfol. Auta yana ɗaure igiya sai ga Yaya ta fito da mayafinta da jakarta.

"Ina zuwa kuma, Yaya?"

"Da ni za a je. Wannan ciniki ba na aike ba ne."

Tun jiya Auta ya gaya wa Na-Famfo ya tara masa ashirin ɗinsa, ga shi kuma mai kaya za ta tsaya a wurin da idonta biyu. Mai hankali da sai ya kira ya ce a fasa na yau. Amma kwaɗayi mabuɗin wahala, Auta ya ga ai dabara ba ta ƙare masa ba.

Da suka isa gidan mai Yaya ta sauko, ta nufi wajen famfon. Auta ya yi wuf ya sha gabanta.

"Yaya, zo ki ga wani abu. Kamar akwatin can na ƙarshe ya karkace, kada ƙanƙarar ta zube."

Ya ja ta can ɗaya gefen motar, ya kwance igiyar da babu abin da ya same ta, ya ɗaga tamfol, ya tura akwati ya jawo shi, yana ta zuba surutu. Bai je bakin tanki ba, bai kasa kunne ba. Ya dai lura zubin na yau bai daɗe ba, har ma ya ji daɗin hakan a ransa.

"Ɗari cif, Hajiya!" Na-Famfo ya ɗaga murya, ya riga ya murɗe murfin tankin. "Zo ki gani da idonki."

Yaya ta zagayo ta duba, ga ɗari nan ɓaro-ɓaro. Ta biya, ta ƙara masa da na shan ruwa, ta ce Allah ya yi masa albarka. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu yana amin, ya kanne wa Auta ido ta bayan kafaɗarta.

Suka kama hanya. Da suka zo gidan mai na ƙarshe kafin daji, Yaya ta ce ko za su ɗan ƙara. Auta ya yi dariya ya ce tanki a cike yake, zai kai su ya dawo da su har da saura. Don ya burge ta ma sai ya bar babban titi ya bi wata 'yar yanke da ba a cika bi ba, wadda ta ratsa wani fili fetal, babu gida babu inuwa.

A tsakiyar filin nan motar ta yi tari. Ta fizga, ta sake fizga, ta yi shiru, ta gangara gefe ta tsaya.

Auta ya murɗa makulli, injin ya yi ta gurnani bai tashi ba. Ya sauka ya buɗe gaban mota, ya taɓa wannan ya taɓa wancan. Da ya ga Yaya ta juya tana duba akwatuna, sai ya tsuguna ya ƙwanƙwasa tankin da bayan yatsa. Ƙarar da ya ji irin ta tulun da babu ruwa ce. Nan take ya gane abin da ya faru. Na-Famfo ya ga yau babu mai tsaya masa a ka, ya ɗora daga lambar wata babbar mota da ta sha mai kafin su zo, abin da ya shiga tankin da ƙyar in ya kai rubu'i. Sata a gidan ɓarawo rance ce, amma ba a kan Auta kaɗai za a biya wannan ba.

"Mene ne?" in ji Yaya.

"Wani abu ne a injin. Yanzu zan gano shi."

Ta ɗaga waya sama, ta zagaya, babu sabis ko ɗigo. Ba a jima ba sai ga wani mai babur ya ɓullo, ya rage gudu ya tsaya. A lokacin ƙanƙarar tana nan da ƙarfinta, rana ba ta yi zafi ba tukuna.

"Sannunku. Mai ne ya ƙare? In shi ne, hau in kai ka, akwai masu sayarwa a jarka can gaba, yanzu za mu dawo."

"A'a, ɗana, ba mai ba ne," in ji Yaya. "Da safen nan muka cika tanki a gabana. Ko ba haka ba, Auta?"

Ga ƙofa Allah ya buɗe masa. Kalma ɗaya zai faɗa, ya hau babur, kifi ya isa. Amma in ya ce mai ne, dole a tambayi ina lita ɗari ta tafi. Auta ya dubi akwatunan, ya dubi Yayarsa da ta goya shi, ya auna, ya zaɓi fuskarsa.

"Ba mai ba ne," in ji shi. "Sai dai in ka ga bakanike a hanya ka turo mana."

Mai babur ya ce to, ya wuce. Ko ya samu bakaniken ko bai samu ba, babu wanda ya zo. Auta ya yi ta zaman jiran wata dabara ta faɗo masa, ko wani ya zo da zai yi wa raɗa a kunne ba tare da Yaya ta ji ba. Wata babbar mota ta wuce ba ta tsaya ba. Wata ƙarama ta rage gudu, ta ga babu kowa a filin sai su, ta ƙara wuta.

Rana ta take. Ruwa ya fara ɗiga daga bayan motar, da fari garai-garai, daga baya ya koma ja-ja mai yauƙi. Yaya ta cire mayafinta ta shimfiɗa a kan tamfol, ta hau ta tsaya tana kare akwatunan da jikinta, kamar inuwar mace ɗaya za ta iya da wannan rana. Ba ta yi wa Auta faɗa ba ko sau ɗaya. Har ruwan gorarta ta miƙa masa, ta ce ya sha, shi ne mai wahala. Ya karɓa ya shanye, ya koma ƙarƙashin mota ya kwanta yana buga ƙarfe da sifana don a ji kamar aiki yake yi.

Sai ƙudaje suka iso, manya koraye. Bayansu wari ya biyo.

La'asar ta yi sannan wata a-kori-kura ta taho, irin tasu sak, sai dai ita shuɗiya ce. Wani dattijon direba ya sauko yana toshe hanci da gefen rigarsa. Ya yi musu sannu, ya murɗa makulli sau ɗaya ya saurara.

"Wannan ai ƙishirwa take ji. Babu mai."

"Haba Baba," in ji Yaya, muryarta a dishe. "Lita ɗari muka sha da safe."

"Lita nawa?"

"Ɗari. Ni na biya da hannuna."

Dattijon ya dube ta, ya dubi Auta, ya dubi motar. "Hajiya, a wace motar aka zuba ɗarin? Ga tawa nan, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da taki, a cikinta na yi furfura. Tamanin take ci. In ka girgiza ta ka matsa mata, ta karɓi biyu ko uku a wuya, shi ke nan. Tanki ai ba cikin mutum ba ne da zai buɗe don ya ga abinci."

"Wataƙila yoyo take yi," in ji Auta da sauri.

Dattijon ya buɗe murfin tanki ya kara kunne, ya girgiza motar da kafaɗa, shiru. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya shafa tankin ya nuna tafin hannunsa, ƙura ce kawai. Yana cikin lalube sai ya jawo wata waya da aka naɗe bakinta da salatif.

"Ga wayar gejinki nan. Ba tsinkewa ta yi ba, cire ta aka yi, kuma wanda ya cire ya iya aiki."

Ya ɗauko tiyo da jarka, ya zuƙo mai daga tankinsa ya juye a nasu. Ya murɗa makulli, ya sake murɗawa, motar ta tashi garau kamar ba ita ba.

Yaya ta hau baya ta yaye tamfol, ta buɗe akwati. Babu sauran ƙanƙara, kifin yana kwance cikin ruwa mai ɗumi, idanunsa sun yi fari, cikinsa ya kumbura. Ta danna ɗaya da yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba. Ta buɗe na biyu, ta buɗe na uku, daga nan ta bari.

"Sauke su," ta ce wa Auta. "Ba zan kai wa mutane guba ba."

Shi kaɗai ya yi ta ɗauka yana juyewa a wani kwari a gefen hanya, ruwan yana bin hannunsa yana shiga rigarsa, ƙudaje suna sauka a fuskarsa. Wahalar watanni ta taru ta zama tudu mai ɗoyi. Yaya tana tsaye tana kallo, can sai ta dafe motar ta sunkuya ta yi ta kelaya amai.

Auta ya matso. "Yaya, ki koma can gefe, warin ne."

Ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. Ta goge bakinta, ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Tun kana cikin tsumma nake fasa cikin kifi, wari bai taɓa tayar mini da zuciya ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Lokacin da mai babur ɗin nan ya tsaya, ka san mai ne?"

Auta ya sunkuyar da kai.

"Ka sani," in ji ta. "Kuma ka sha ruwana."

Ta roƙi dattijon ya rage mata hanya, ta shiga motarsa, ta bar Auta ya biyo su a baya da akwatunan da babu komai ciki.

Washegari ya je wa Na-Famfo da zafinsa, ya ci kwalarsa. Na-Famfo ya ɓamɓare hannunsa yana dariya.

"To kai ni ƙara mana. Ka je ka ce ashirin muka yi da kai zan sata, na zarce. Ni wa na sani a cikinku? Kai ne ɗan'uwanta."

Auta ya juyo yana jin ana yi masa dariya a baya.

Mai ɗakin sanyi ya nemi wani ya ba shi cinikin. Kududdufan suka bushe, simintin ya tsattsage, aka sayar da motar don a sallami masu abincin kifi. Yaya ta koma kasuwa tana kankare wa wata mata kifi ana biyanta da yamma, ita da take da nata. Labari kuma ya bazu a cikin direbobi, babu mai ba Auta makulli ko na keke.

Ba ta tsine masa ba, ba ta kai shi gaban kowa ba. Bayan wani lokaci ya tattaro ƙarfin hali ya je gaishe ta. Ta amsa sallamarsa, ta shimfiɗa masa tabarma, ta kawo masa ruwa a kofi kamar yadda za ta kawo wa kowane baƙo. Ya sha, ya yi 'yan kame-kamensa, ta ce ya gai da yara. Har ya fara jin sanyi a ransa, yana cewa ashe ta huce. Ya kai bakin ƙofa sai ya waiwaya. Ya gan ta tsugune a bakin rariya ta riƙe kofin da yatsu biyu, tana dirza shi da toka. Ta ɗauraye, ta sunsuna, ta sake ɗebo toka.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, amana ba ta da ƙarama, kuma cin amanar wanda ya yarda da kai ya fi kowace sata ƙazanta. Wanda ya lalata ma'auni don ya rufe idon wani, nasa idon ya fara rufewa, wanda kuma ya haɗa kai da maƙaryaci kada ya yi mamaki in an juyo kansa. Sannan in ka yi kuskure, ka faɗi gaskiya tun tana da amfani, domin kunyar minti ɗaya ta fi asarar da ba ta gyaruwa. Kai kuma mai dukiya, yarda ba ta hana sani: ka san abin da tankinka yake ci, ko da ɗan'uwanka ne ke riƙe da makulli.